Hutun Mai Gida da Hutun Baƙo a Tsibirin Lamu

Duk wanda ya sauka daga jirgin sama a tsibirin Manda, ya shiga kwalekwale ya ƙetare ɗan ruwan da ya raba shi da garin Lamu, in dai da tsakar rana ya iso, abin da zai fara tararwa shi ne kantuna a rufe, lunguna shiru, jakuna sun raɓe a inuwar bango, dattawa kuwa sun miƙe a kan dakali kamar waɗanda ba su da sauran wata hidima a duniya. Daga nan sai ya yanke wa mutanen hukunci ɗaya cikin biyu, ko dai ya ce malalata ne, ko kuwa ya ce sun riga kowa shiga Aljanna tun suna da rai. Ni a ganina hukuncin nan duka biyu zalunci ne, na biyun ma ya fi na farkon illa, gama wanda aka kira malalaci yana iya kare kansa, amma wanda aka ce ba shi da damuwa an toshe masa bakin kuka ke nan.

Lamu ƙaramin tsibiri ne a Tekun Indiya, a gabar arewacin Kenya, ba nisa da kan iyakar Somaliya. Babban garinsa, wanda mutanen wurin ke kira Amu, yana nan da mazauna tun ƙarni na 14, ƙidayar 2019 kuwa ta same shi da wajen mutum 25,000. Baya gare shi sai Shela, da ƙauyukan Matondoni da Kipungani. Galibin jama'ar Sawahilawa ne Musulmi. An gina tsohon garin da dutsen murjani da itacen mikoko, wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri, lungunansa kuwa saboda ƙunci mota ba ta ratsa su, shi ya sa har yau jaki ne ke ɗaukar yashi da siminti da buhun shinkafa, ko da yake 'yan acaɓa sun fara kutsawa a shekarun nan. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. To, a wuri irin wannan, da ruwa ya kewaye ta kowace fuska, ina mutum zai je in yana son hutawa, kuma wa ke yanka masa lokacinta?

Iska ce ke fara yankawa. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, teku ya kwanta, masunta su yi nisa, a sami kifi a sami kuɗi. Daga Afrilu kuwa sai ta juya ta zama kusi, ta taso daga kudu da ruwan sama a gabanta, teku ya yi fushi har wajen Satumba, ƙananan jirage su rage fita fili, a jawo su gaɓa a toshe tsagoginsu da auduga da man kifi, a ɗinke koma, a zauna. Haka abin yake tun zamanin da manyan jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda suke kira jahazi, ke zuwa daga Oman da Hadaramautu da Indiya ɗauke da dabino da tufafi, su koma da hauren giwa da sandunan mikoko na rufin ɗaki, da bayi ma, kada mu ɓoye. Falken da kaskazi ta kawo ba shi da ikon komawa sai kusi ta zo ta mayar da shi, saboda haka tilas ya jira, ya yi aure in ya so, ya zauna gaban malami, ya saurari mawaƙa. Mutanen da suka yi ƙarnuka suna ganin cewa gaggawarsu ba ta juya iska, ba abin mamaki ba ne in sun fi wanda agogon ofis ya yi renonsa iya zama.

Abin da iska ta yi wa shekara, shi ladani ke yi wa yini. Aiki a Lamu na sanyin safiya ne, daga asuba zuwa azahar. In an sallame an ci abinci sai gari ya yi ƙailula, wadda malamai suka daɗe suna ƙirga ta cikin mustahabbai saboda tana taimakon mai tsayuwar dare, a nan kuwa zafi da gumin bakin teku sun mayar da ita kusan wajibi. Bayan la'asar gari ke farkawa. Maza su fito da fararen riguna da huluna masu aiki, ko da zanen kikoi ɗaure a ƙugu, waɗansu su nufi bakin kwata suna kallon jirage na sauke kaya, waɗansu su nufi Mkunguni, watau filin da ke gaban babban sansanin dutsen nan da aka fara ginawa a 1813 aka gama wajen 1821 da taimakon Sarkin Oman, wanda ya zama kurkuku daga 1910 har 1984, yanzu kuwa ɗakin karatu ne da gidan tarihi. A inuwar itatuwan filin nan ake buga bao.

Allo ne na katako mai ramuka 32, layi huɗu kowane da rami takwas, da 'ya'yan itace masu santsi guda 64. Kowane ɗan wasa yana da layi biyu, ya fara da 10 a cikin ramuka, saura 22 a hannu yana sa su ɗaya-ɗaya, a layinsa na gaba kuma akwai wani rami mai kusurwa huɗu da ake kira nyumba, wanda gwani ke tattalinsa, ba ya kwashe shi sai sa'ad da kwashewar za ta yi ɓarna. Za ka ga tsoho ya ƙura wa allon ido, leɓɓansa na motsi yana lissafi, 'yan kallo sun yi cirko-cirko a kansa kowa na ganin ya fi shi sanin abin yi, can sai ya miƙa hannu ya kwashi rami guda ya bi yana zubawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya cinye na abokin karawarsa ya sake zagayowa da su, ba ya tsayawa sai ɗan ƙarshe ya faɗa ramin da ba kome, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi jama'a bai ce uffan ba.

A gefe mai gahawa na zaune da doguwar butarsa ta tagulla a kan garwashi, yana zuba ta baƙa ƙirin, mai ɗaci da ɗan yajin citta, cikin 'yan finjalai da ba su wuce kurɓi uku ba, a haɗa da alewa ko dabino. A wannan zama, da irinsa a kan dakalan ƙofar gida waɗanda suke kira baraza, ake jin wanda ya rasu da wanda aka yi wa haihuwa, a san farashin kifi, a sasanta maƙwabta tun maganarsu ba ta kai gaban alƙali ba, a yi wa gwamnatin Nairobi tatas. Ba na musun cewa giba da annamimanci su ma suna da mazauni a dakali, gama ba a taɓa tara 'yan Adam wuri guda aka rasa su ba. Amma mai cewa zaman nan lagawu ne zalla, sai ya gaya mini inda gari zai yi shawararsa in ba nan ba, ya kuma dubi abin da hutun ya ci wa mai shi, watau kuɗin finjali guda. Hutun da talaka zai iya yi kullum ba tare da ya ci bashi ba, ban ga abin rainawa a cikinsa ba, a zamanin da aka koya wa mutane cewa sai sun yanki tikiti sun bar garinsu sa'an nan za su huta.

Na mata ba a ganinsa daga titi, shi ya sa baƙi kan zaci babu shi. Magina na dā sun yi musu dabara: a kan gina ɗaki a bisa lungu ya haɗa benen wannan gida da na wancan, ana kiransa wikio, ta yadda mace za ta ziyarci 'yar'uwarta ba tare da ta taka ƙasa ba, da yamma kuma saman soraye nasu ne, nan suke shan iska suna hira daga rufi zuwa rufi. Babban shagalinsu biki ne, wanda kan ɗauki kwanaki, da ƙunshi, da turaren wuta, da furen yasmin a gashi, da kiɗan taarab da rawar chakacha. Daga cikin irin ɗakunan nan ne Mwana Kupona ta tsara waƙarta ta wasiyya ga 'yarta a 1858, da Sawahilanci cikin haruffan Larabci, watau ajaminsu, a daidai lokacin da Nana Asma'u ke raye tana nata aikin a ƙasar Sakkwato. Garin ma a dā ya kasu gida biyu, Zena da Suudi, suna gasa da juna a rawa da baitoci. Irin wannan fasaha ba ta fitowa daga mutanen da ba su da sararin zama.

Amma babban hutun shekara, wanda ɗan Lamu da ke aiki a Mombasa ko Nairobi ko ƙasashen Larabawa ke ƙoƙarin dawowa gida dominsa, shi ne Maulidi, kuma labarin yadda ya kai haka ya cancanci a tsaya a kansa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wani sharifi ya zo daga tsibiran Komoro, asalin zuriyarsa Hadaramautu, sunansa Salihu ɗan Alawi Jamalul Laili, mutanen gari na ce masa Habib Swaleh. Ya tarar da gari mai tsananin ji da asali, inda 'ya'yan manyan gidaje ke karanta Maulidin Barzanji a tsakaninsu, bayi da 'yantattu da masu hawan kwakwa kuwa ba su da daraja a majalisin. Shi sai ya zauna a gefen gari cikin waɗannan da aka raina, ya koya musu karatu, ya yi musu magani gama masanin itatuwa ne, ya kafa masallacin Riyadha da makarantarsa, ya kuma shigo da Maulidin Sayyid Ali al-Habshi na birnin Sai'un, wanda ake rerawa da bandiri a cikin masallaci. Manyan gari suka ƙi abin, suka ga ya shigar da kiɗa ɗakin Allah ya kuma haɗa ɗa da bawa a shimfiɗa guda. Ya yi haƙuri da su har ya rasu, yau kuwa Maulidin nasa ne ake tahowa dominsa daga Tanzaniya da Somaliya da Komoro har da Yaman.

Ana yin sa a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal, a shafe kwanaki ana abu guda bayan guda. A filin da ke gaban Riyadha dattawa kan jeru cikin fararen riguna, kowa da kwagirinsa, su yi rawar goma, wadda ba tsalle a cikinta ba gumi, sai ɗaga sanda da sauke ta a tare, sannu-sannu, bisa ga amon ganga, fuskoki a natse. Samari kuwa su yi kirumbizi, biyu-biyu suna karawa da sanduna a tsakiyar da'ira. Akwai musabaƙar haddar Alƙur'ani, akwai tseren jirage da na iyo, akwai kuma tseren jakuna a bakin kwata, inda za ka ga yaro a kan jaki ba sirdi ba likkafa, ƙafafunsa na kusan jan ƙasa, yana zunguri yana ihu, jakin kuwa, da yake ba a yi shawara da shi ba, ya kan ga lungun gidansu ya karkata ya shige, jama'a su fashe da dariya. Ran ƙarshe da la'asar a yi zefe, watau jerin gwano da tutoci da ƙasidu zuwa kabarin Habib Swaleh, da dare kuma a cika masallaci da filinsa ana karatun Maulidi, ana yayyafa ruwan wardi, hayaƙin turare na tashi, in an zo ambaton haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowa ya miƙe tsaye.

Saɓanin malamai a kan wannan ba baƙo ba ne ga mai karatu, domin yadda ake jayayya a Kano da Kaduna kowane Rabi'ul Awwal haka ake yi a Mombasa da Lamu, hujjojin ma kusan iri ɗaya ne, waɗannan su kawo labarin Habashawan da suka yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, waɗancan su ce bidi'a ce. Fatawa ta malamai ce, na bar musu. Abin da ya shafi maganata shi ne bikin na mutanen gari ne tun daga tushensa: su ke yanka ranarsa da lissafin wata, su ke saukar da baƙi a gidajensu su dafa musu, kuma da a ce ko ɗan kallo guda bai zo daga Turai ba, ba abin da zai ragu daga cikinsa.

Sauran shaƙatawarsu ba ta da tsawon labari. In tsibiri ya yi wa iyali ƙunci, musamman a kwanakin salla ko a ƙarshen Sha'aban kafin a ɗauki azumi, sai su dafa tukunyar pilau, su yi hayar jirgi su ƙetara Manda su wuni a rairayi. Mutanen Shela kan je har kangon Takwa, garin da suke cewa kakanninsu suka baro a ƙarni na 17 bayan ruwan rijiyoyinsa ya zama gishiri. In an ba yara hutun makaranta, a ƙetara Mokowe a shiga bas zuwa Malindi ko Mombasa wurin dangi, tafiyar da sunanta zumunci. Samari kuwa, kamar na ko'ina, ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, da dare su taru gidan kallo suna musu a kan ƙungiyoyin Ingila.

Baƙon shan iska ya shigo wannan tsari ne a lokacin da aljihun mai gida ya riga ya huje. An hana bauta a gabar Kenya a 1907, gonakin da manyan gidaje ke da su a ƙetaren ruwa suka koma daji. Jirage masu inji da hanyar dogo suka janye ciniki zuwa Mombasa. A 1982 kuma gwamnati ta hana fitar da sandunan mikoko zuwa ƙasashen waje, wanda shi ne ragowar fataucin jahazi. Talaucin nan shi ya tsare tsohon garin, gama wanda ba shi da kuɗi ba ya rushe gidan kakansa ya yi na zamani, kuma shi ne yau ake sayar wa baƙi da sunan kyan tarihi. An buɗe otal ɗin Peponi a Shela a 1967, samarin Turai masu yawon duniya da jaka a baya suka biyo a shekarun 1970, daga bisani attajirai da 'ya'yan sarauta, har da Gimbiya Karolin ta Monako, suka sayi gidaje a Shela, saboda rairayin bakin tekunta da ya miƙe wajen kilomita 12 ba hayaniya. Farashin gida ya tashi ya fi ƙarfin ɗan gari, magada suka riƙa sayarwa suna raba kuɗin suna komawa sababbin unguwannin bayan gari, gidajen kakanninsu kuwa, an gyara su sun yi kyau ƙwarai, su wuni su kwana a kulle galibin shekara, ba kowa sai maigadi. Dakalin ƙofar irin wannan gida yana nan, an ma shafe shi da sabuwar farar ƙasa, amma ba mai zama a kai.

Kada a ɗauka ina cikin masu tsine wa baƙo. Kuɗinsa ne suka raya sana'ar masu sassaƙa ƙofofi da masu yaɓen ado, su ke ciyar da matuƙan jirage da kukuntai da masu wanki. Asibitin jakuna ma da ke bakin kwata, inda ake duba dabbar talaka kyauta tun 1987, wata ƙungiyar jinƙai ta Ingila ce ta kafa shi, duk mai adalci kuwa zai yaba. Sai dai hutun baƙo aikin mai gida ne: a Disamba da Janairu da Agusta, sa'ad da otal-otal ke cika, matuƙin da ya saba zaman bao bayan la'asar yana can tsakiyar ruwa ya kai Turawa kallon faɗuwar rana. Wannan ba laifi, neman halal ne. Abin da ya fi damuna bukukuwa ne. Tun 2001 ake yin bikin al'adun Lamu a watan Nuwamba, da tseren jakuna da na jirage da gasar ƙunshi da ta bao da ta waƙa, bayansa kuma aka ƙirƙiro waɗansu, har da na motsa jikin nan na Indiyawa da ake kira yoga, hukuma na tallar wurin da sunan tsibirin bukukuwa. Rawar ita ce dai ta Maulidi, kwagirin shi ne, mai yiwuwa ma dattawan su ne. Amma wannan karon zuwan baƙi aka duba aka yanka rana, masu rawa sun juya fuska wajen masu ɗaukar hoto, in an gama kuma a jira sallama. Yaron da ya tashi bai san goma ba sai a matsayin aikin kuɗi, ranar da kuɗin suka yanke lalle zai jingine kwagiri.

Kuɗin kuwa sun taɓa yankewa. A Satumba 2011 'yan bindiga daga Somaliya suka kashe wani Bature ɗan Ingila a wani masauki kusa da Kiwayu suka tafi da matarsa, a Oktoba suka sace wata Bafaranshiya daga gidanta a Manda, ta mutu a hannunsu. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu, otal-otal suka zama kufai, gwamnati kuma ta hana kamun kifi da dare, hanin da ya yi shekaru kafin a ɗage shi, alhali da dare ne masunta da yawa ke samun abin kirki. A Yuni 2014 aka kai hari Mpeketoni, a ƙetaren ruwa, aka kashe mutane kimanin 60, sai aka kafa dokar hana fita daga magariba zuwa safiya a kan yankin duka, har da tsibirin da ba a kai wa hari ba, kuma a cikin watan Ramadan. Wanda ya san yadda daren azumi yake a garin Musulmi, da tarawihi, da lunguna cike da masu sayar da kaimati da sambusa, da yara na kai-kawo da kwanoni tsakanin maƙwabta, da hira har sahur, ya san girman abin da aka raba mutanen nan da shi a wannan shekara. Baƙo ya fasa tafiya ya nemi wani bakin tekun a Zanzibar. Mai gida ya rasa abinci da hutu a lokaci guda.

Sa'an nan ga sabuwar tashar jiragen ruwa da aka gina a mashigin Manda, wadda shugaban Kenya na lokacin, Uhuru Kenyatta, ya buɗe matsayarta ta farko a Mayu 2021. Yashe ƙasan ruwa domin manyan jirage ya ɓata wuraren kamun kifi na gado, har Babbar Kotu ta yanke a 2018 cewa a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76, aka kuwa shafe shekaru ana kai-komo a kan biyan. To, masuncin da aka hana shi ruwa ina za shi? Dakali zai koma. Ga shi nan zaune tun hantsi, da ƙullin ganyen miraa da ake kawowa daga tsaunukan Meru yana tauna, ɗansa kuwa wataƙila ya riga ya wuce ganye ya kai ga hodar hiroyin, wadda ta addabi garuruwan gabar Kenya har da Lamu. Mai ɗaukar hoto ya zo ya ɗauke shi, ya rubuta a ƙasa cewa ga mutanen da ba su san gaggawa ba. A ido, zaman wanda ya gama aikinsa da zaman wanda aka raba da aikinsa iri ɗaya ne, alhali kuwa na farkon hutu ne, na biyun zaman kashe wando ne na dole, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ban ga abin da ƙarin bukukuwa zai gyara ba. Abin da ya wajaba a kan hukumomin Lamu da na Nairobi shi ne su tsare wa mutanen ruwan kamun kifinsu da dajin mikokonsu bisa ƙa'ida, domin a sami aikin da za a huta daga gare shi. Su hana gini a kan tuddan rairayin Shela, gama a ƙarƙashinsu ne ruwan daɗin da tsibirin ke sha yake kwance, in gishiri ya shige shi kuwa, abin da ya tashi Takwa shi zai tashi Amu. Su bar bakin kwata da filin Mkunguni ga masu ƙafa da jakuna, kada hayaniyar acaɓa ta kori tsofaffi daga mazauninsu, Maulidi kuma a bar shi a hannun mutanen Riyadha da lissafin watansu.

Kai kuwa mai karatu, in Allah ya hore maka abin tafiya, kuma kasuwannin Dubai sun gundure ka, jirgi daga Nairobi ko Mombasa yana sauke mutane a Manda. Ka sauka a masaukin ɗan gari, ka yi hayar jirgin ɗan gari ka biya shi ba tare da ka matse shi a ciniki ba, ka yi sallama kafin ka zauna a dakali, kada kuma ka ɗauki hoton mace ko na tsoho sai da izini. In ka ji liman ya bayyana Bisimilla kafin Fatiha kada ka yi mamaki, 'yan mazhabar Shafi'i ne. In Maulidi kake so ka tarar, sai ka nemi wurin kwana tun kafin Rabi'ul Awwal ya kama, domin a makon ƙarshensa garin ba ya da masaka tsinke.